Filin Tambayoyin Masu Karatu: Malamin Firamare da Karatun Ɗan Talaka

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan makarantun gwamnati suke magana, wasu daga iyaye, wasu daga malamai, kowane ɓangare da irin kukansa. Mun zaɓi guda uku daga cikin birnin Kano, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su da na makarantun da suka ambata kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko

Malam, ni uwar marayu ce, da sana'ar ƙosai nake riƙe da 'ya'yana tun rasuwar mahaifinsu. Ɗana yana aji huɗu a firamaren gwamnati ta unguwarmu, amma kwanan baya da na miƙa masa katin asibiti ya duba mini ranar da za mu koma, sai ya tsaya yana kallon takardar, ya kasa karanta komai. Alhali kullum yana zuwa makaranta, kuma kowace shekara ana ciyar da shi aji na gaba. Maƙwabta suna ce mini malaman gwamnati ba su da aiki sai hira a gindin bishiya, in cire shi in kai shi makarantar kuɗi, ni kuwa ba ni da halin haka sai dai in ci bashi. Shin laifin malaman ne? Kuma me zan yi?

Daga wata uwa a Kurna.

Amsa

Malama, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari, Ya sa wa sana'arki albarka. Kin yi abin da iyaye da yawa ba su taɓa yi ba, wato kin gwada yaron da kanki, kuma gara da kika gano haka yana aji huɗu, da a ce sai ya je ƙaramar sakandare.

Bari in fara nuna miki yadda yaro mai zuwa makaranta kullum zai iya shekara huɗu bai iya karatu ba, ba tare da shi daƙiƙi ne ko malaminsa mugu ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a unguwanni masu cunkoso na Dala da Ungogo da Kumbotso da Nassarawa ba abin mamaki ba ne ki leƙa aji ki tarar da yara sama da ɗari, wasu a kan benci, mafi yawa a ƙasa, har bakin ƙofa. Malamin da aka bai wa rabin sa'a ya koyar da wannan taro ba shi da wata dabara face ya rubuta a allo, ya faɗa da ƙarfi, yara su amsa gaba ɗaya. Wanda ya wuce ta taga zai ji aji ya ɗauki murya, ya ce karatu ake yi. Amma yaron da ke can baya bakin 'yan'uwansa yake bi, kuma idan aka ce a kwafi rubutu, zana haruffan yake yi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya san sautin ko guda ba. Da malamin zai ce sai ya saurari kowane yaro ya karanta masa layi ɗaya na minti ɗaya, da sai ya cinye darasi uku bai gama zagaye ajin ba. Haka shekara za ta ƙare, a ciyar da kowa gaba domin a samar wa masu shigowa wuri, kuma daga aji huɗu, inda aka daɗe ana mayar da darussa zuwa Turanci, yaron da bai iya karanta harshen da yake magana da shi ba sai ya ƙara nutsewa.

Maganar hira a gindin bishiya kuwa, ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Akwai malaman da ke sa hannu a rajista su sulale, akwai kuma waɗanda aka ɗauka aiki ta hanyar alfarma alhali su kansu suna buƙatar a koyar da su, kuma wannan cin amana ne da bai kamata kowa ya kare ba. Sai dai yi wa dukkan malamai kuɗin goro zalunci ne, domin a cikin makarantun nan akwai matan da ke sayen alli da kuɗinsu, suna koyarwa har muryarsu ta dishe kafin azahar.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne matsalar ɗanki tana da magani, kuma maganin ba mai tsada ba ne. Hausar boko ana rubuta ta ne kusan yadda ake furta ta, saboda haka yaron da ya gane baƙaƙe da wasula, ya iya haɗa ba, be, bi, bo, bu, cikin 'yan watanni zai fara karanta jimla. Malamanmu na makarantar allo sun daɗe da sanin wannan tsari: yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, kuma ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam abin da ke kai shi kaɗai. A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta ɓullo da irin wannan hanya a makarantun boko, inda ake gwada kowane yaro, a raba yara rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, a ware musu lokaci kullum don karatu da lissafi kawai. An gwada hanyar a nan jihar Kano daga shekarar 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ƙarƙashin shirin KaLMA, da 'yan aji huɗu zuwa shida, wato sa'o'in ɗanki, kuma a makarantun gwamnati aka yi.

Don haka shawarata kada ki ci bashi tukuna. Akwai makarantun kuɗi masu kyau, amma da yawa daga cikin masu arahar da ke lunguna gida ne aka yanka ɗakuna, malamansu ba su da takardar shaidar koyarwa ta NCE, albashinsu bai kai na gwamnati ba, kuma haddar waƙoƙin Turanci ta fi karatu yawa a cikinsu. Idan har wata rana za ki kai shi, ki fara neman ɗan maƙwabta da ke aji uku a can, ki miƙa masa takardar da bai taɓa gani ba, ki ga ko zai karanta.

Abin da za ki yi a makon nan shi ne ki je ki ga malamin ajinsa, da sallama da girmamawa, ki ce masa kin lura yaron bai iya haɗa baƙi ba, kina neman ya dawo da shi layin gaba, ya kuma faɗa miki inda ya tsaya. Malami yakan ƙara kula da yaron da ya san fuskar mahaifiyarsa. Daga nan ki tambayi shugaban makarantar ranar zaman kwamitin gudanar da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. A tsarinsa akwai wakilcin iyaye mata da masu unguwa da malaman addini da tsofaffin ɗalibai, kuma nan ne wurin da ya dace a nemi a ware sa'a ɗaya ta koyon karatu ga yaran da aka bari a baya, domin na tabbata ɗanki ba shi kaɗai ba ne. A gida kuma ki sa yayansa ko wani ɗan sakandare na kusa ya zauna da shi minti ashirin kullum bayan la'asar, da littafin Hausa na 'yan aji ɗaya, ba tare da duka ko gori ba. Ki sa a duba idonsa da kunnensa a asibiti, domin yara da yawa da ake kira daƙiƙai allon ne ba sa gani. Kuma duk da na san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ki yi ƙoƙari kada taya ki aikin ƙosan safe ya riƙa sa shi makara, saboda darussan Hausa da Turanci da lissafi galibi da safe ake yin su. Ki kuma sani dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, jihar Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, don haka babu mai ikon koro miki yaro saboda wani kuɗi.

Tambaya ta biyu

Malam, ni malamin firamare ne, na daɗe ina koyarwa. An ba ni takardar ƙarin girma, amma na jima ina jira kafin in ga alamarta a albashi. Idan an tashi makaranta a-daidaita-sahu nake ja har dare don in ciyar da iyali. Duk ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, sai a tara mu a yi jawabai, a ce mu ne ginshiƙin al'umma, ladanmu yana lahira. Wani abokina ya yi mini tayin jiran shago a kasuwa. In ajiye allin ne, ko in ci gaba da haƙuri?

Daga wani malami a Gwale.

Amsa

Malam, Allah Ya saka maka da alheri, Ya buɗa maka ta hanyar halal. Wasiƙarka ta taɓa ni ƙwarai, kuma ba zan amsa maka da irin jawaban da ka gaji da ji ba.

Lada a lahira gaskiya ne, muna kuma yi maka fatansa, amma bai taɓa soke haƙƙin duniya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Al'adarmu ma ba ta ce malami ya zauna da yunwa ba: iyaye suna aika kuɗin Laraba makarantar allo, suna kai wa malam hatsi da kaka, suna yi masa alheri ranar sauka. Ita kanta ranar 5 ga Oktoba, wadda hukumar UNESCO ta fara bikinta a 1994, an ware ta ne don tunawa da wata takardar shawarwari ta 1966 a kan matsayin malamai, wadda ta yi magana a kan horonsu da albashinsu da yanayin aikinsu. Duk wanda ya tsaya a wannan rana ya yi yabo kawai, bai taɓo albashi da ƙarin girma da yawan yara a aji ba, ya bar ainihin abin da aka taru dominsa.

Yana da kyau mu tuna cewa ba haka aikin nan ya faro a Arewa ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 makarantar horon malamai ce, kuma daga aji aka ɗebo yawancin waɗanda suka jagoranci ƙasar nan. Sardauna ya koyar a Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Bauchi, Shehu Shagari malamin makaranta ne, Malam Aminu Kano kuma ya koyar a Bauchi da Maru, ya kuma kafa ƙungiyar malaman Arewa tun kafin ya tsunduma siyasa. A lokacin ɗan da ya fi kowa ƙoƙari shi ake turawa koyarwa. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka shirya musu, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa cibiyar horon malamai ta ƙasa a Kaduna a shekarar don cike giɓin. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, malamin firamare yana cikin waɗanda aka fara bari ba albashi na watanni, kuma tun daga nan iyaye suka fara hana 'ya'yansu masu hazaƙa shiga aikin. An kafa hukumar rajistar malamai ta TRCN a 1993, an mayar da NCE mafi ƙarancin takardar koyarwa, amma takarda ba ta jawo haziƙi zuwa aikin da ba ya ciyar da mai yin sa.

An samu wasu matakai, kuma adalci ne a faɗa. Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, an ɗauki sababbin malamai, an gyara ajujuwa, kuma a shekarar ne jihar ta amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Amma kai da ke zuwa cefane ka fi ni sanin inda wannan kuɗi yake tsayawa a wata. Akwai kuma wata karkata a tsarin kuɗin ilimi da ya kamata masu karatu su fahimta. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, tana samun kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, tana bai wa jihar da ta ajiye nata kason tallafi, kuma mafi yawan wannan kuɗi gini da kayan aiki yake tafiya. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake fitar da shi, ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Gini ana yanka masa kyalle, a manna allon suna, a ɗauki hoto. Biyan bashin ƙarin girma ba ya fitowa a talabijin, shi ya sa yakan zo ƙarshe a lissafin mai neman ƙuri'a, alhali ajin da aka yi wa fenti ba ya koyar da kowa idan malamin da ke ciki ya kwana a kan titi yana neman na abinci.

Game da tambayarka, ba ni da bakin cewa ka zauna cikin ƙunci, domin haƙƙin iyalinka yana wuyanka. Ka zauna ka yi lissafi da idon basira: abin da shagon zai ba ka a wata, da tabbacin ɗorewarsa, da abin da za ka rasa na fansho da garatuti bayan shekarun da ka riga ka zuba. Ka yi istihara, ka shawarci iyalinka. Idan ka zaɓi tafiya, babu mai ikon zarginka. Idan kuma ka zauna, to daga ƙararrawar safe zuwa tashi lokacin yaran nan ne, kuma yaran da ke gabanka 'ya'yan masu ƙosai ne da 'yan dako da masu gadi, waɗanda ba su da malamin gida, ba su da wata makaranta da za su koma. Ka adana kwafin duk takardunka, ka bi haƙƙinka a rubuce ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da ƙungiyar malamai ta NUT, kai da abokan aikinka a tare, domin takardar mutum hamsin ta fi ta mutum ɗaya wuyar jefawa cikin durowa.

Tambaya ta uku

Malam, mu tsofaffin ɗaliban wata firamare ne a cikin gari, yawancinmu 'yan kasuwa. Mun haɗa kuɗi muna so mu karrama malamanmu, mu kuma taimaki makarantar. Wasu sun ce a kama zauren taro a raba lambobin yabo, wasu sun ce a gina babbar ƙofa da sunan ƙungiyarmu. Me ka gani?

Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

Amsa

Alhaji, Allah Ya karɓa, Ya ƙara buɗi. Ni dai da za a bi tawa, da zauren taro da babbar ƙofa duk a jingine su.

Ku fara da tsofaffin malaman da suka koyar da ku. Ku nemi gidajensu, ku je da ƙafafunku, ku durƙusa ku gaishe su, ku faɗa musu sunayenku da abin da kuka zama. Za ku tarar wasu suna fama da hawan jini ko ciwon ido, fanshonsu ba ya isar kuɗin magani, wasu kuma sun rasu sun bar iyali. Kuɗin da za a kashe a hayar zaure da abinci da kujeru zai ɗauki nauyin maganin mutum da yawa na tsawon shekara.

Sannan ku je makarantar ranar karatu, ba ranar biki ba, ku zauna da shugabanta da malamai da kwamitin SBMC, ku tambaye su abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya kafin ku yanke komai. Ina kyautata zaton za ku ji maganar ruwa da banɗaki, domin rashinsu yana daga cikin abin da ke korar 'yan mata daga makaranta da zarar sun fara girma, yana kuma wahalar da malamai mata. Za ku ji maganar benci da rufin da ke yoyo da damina. Amma abin da nake roƙon ku fifita shi ne karatun 'yan aji ɗaya zuwa uku: ku sayi littattafan Hausa masu sauƙi da yaro zai riƙe a hannunsa har ya tafi da su gida, ku kuma ɗauki nauyin alawus na matasan unguwa masu takardar NCE da ke zaune ba aiki, su riƙa taimaka wa malamai ta hannun kwamitin makarantar da sanin ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, domin a raba ajin yara ɗari gida biyu ko uku a lokacin koyon karatu. Babu karramawar da malamin da ke aji zai ji a jikinsa kamar a rage masa wannan taro.

Kada wani ya ce muku makarantar gwamnati ba ta gyaruwa. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar nan ta buɗe a 1977 na gwamnati ne, kuma da aka zaɓo musu malamai, aka ba su kayan aiki, aka sa ido, sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, da dama daga cikinsu 'ya'yan manoma da masu ƙananan sana'o'i.

Ku tsara taimakon ya ɗauki aƙalla shekara uku maimakon ku juye shi rana ɗaya, ku naɗa mutum biyu masu amana su riƙa leƙa makarantar duk wata, kuma a rubuta abin da aka karɓa da abin da aka kashe a manna a bangon ofishin shugaban makaranta inda kowane uba zai gani. A farkon zangon karatu ku nemi a gwada 'yan aji uku ɗaya bayan ɗaya da gajeren labari na Hausa, a rubuta adadin waɗanda suka iya karantawa, a sake gwada su a ƙarshen shekara, sannan ku kai sakamakon gaban 'yan ƙungiya kafin a sake neman gudummawar kowa.